Babur ya mutu a hanya: a duba rele kafin a sayi sabon batir

Ranar kasuwa ce. Mai babur ya ɗauko buhun wake daga ƙauye zai kai Tasawa, rana ta take, hanya kuma gargada ce da rairayi. Yana cikin tafiya sai injin ya ɗauke ɗif, kamar an hure fitila. Ya leƙa tanki, akwai esansi. Ya murɗa makulli ya danna maɓallin tashi, demarer yana juya injin, amma babur ya ƙi kamawa. Ya tura shi gindin gawo ya zauna. Bayan kamar minti 20 ya sake gwadawa, sai ga babur ya tashi lafiya lau, kamar babu abin da ya same shi. Ya kai kasuwa, ya sayar da wakensa, ya manta da zancen. Bayan kwana uku abin ya dawo, wannan karon da dare, yana ɗauke da mai naƙuda za a kai ta likita.

Irin wannan labari ba baƙo ba ne a wuraren gyaran babura na Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai. Abin takaici shi ne yadda kuɗi ke zubewa kafin a gano cutar. Da farko a canza buji. In bai yi ba a ce batir ne, a sayi sabo. Daga nan a koma kan bobin. Daga ƙarshe wani ya yanke hukunci cewa ƙwaƙwalwar injin ce ta ƙone, ita ce kuwa ta fi kusan kome tsada a cikin kayan wutar babur. Alhali kuwa sau da yawa cutar tana cikin wani ɗan akwatin roba da bai kai kwalin ashana girma ba, wanda ke maƙale ƙarƙashin sirdi ko kusa da batir. Sunansa rele. Kuɗinsa bai kai na batir ba, kuma ana iya gwada shi a gindin itace da ƙwan fitila da waya biyu.

Mene ne rele?

Rele makunni ne, amma ba hannun mutum ke danna shi ba, wuta ce ke danna shi. In aka fasa robar za a ga abubuwa uku. Akwai siririyar wayar jan ƙarfe da aka naɗe sau ɗaruruwa a jikin wani ɗan ƙarfe. Akwai wani ɗan falle na ƙarfe mai motsi, wanda resor ke riƙe da shi. Akwai kuma bakuna biyu da ke fuskantar juna ba su taɓa juna ba. Da zarar wuta ta bi ta cikin naɗin wayar sai ɗan ƙarfen ya zama maganaɗisu, ya fizgo fallen, bakunan nan biyu su haɗu. Haɗuwarsu ce ke yin ƙarar nan, ƙas, da ake ji in an murɗa makulli. In wuta ta ɗauke sai resor ya mai da fallen wurinsa, hanya ta yanke.

Amfanin wannan dabara shi ne ƙaramar wuta ta buɗe wa babbar wuta ƙofa. Naɗin wayar ba ya cin wuta sosai, abin da yake ja bai cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na amper ba. Amma bakunan suna iya ɗaukar amper 20 ko 30. Ke nan makulli da ƙananan maɓallan da ke kan kambun tuƙi ba sa ɗaukar nauyi, aikinsu kawai su aika saƙo, rele ya ɗauki kayan. Ba don haka ba da makullin babur ya riƙa zafi yana cin wuta.

Dabarar tsohuwa ce, ta girmi babur da mota. Ana danganta ta da wani masani ɗan Amurka, Joseph Henry, wajen shekarar 1835, kuma a wayar tangarahu ta fara aiki: in saƙo ya yi nisa ƙarfinsa ya ragu, sai rele ya karɓa ya tura shi gaba da sabon ƙarfi. Kalmar ta Faransanci ce, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'anoninta shi ne zangon da masu kai wasiƙu ke ajiye dawakin da suka gaji su hau sababbi.

Ba kowane babur ke da babban rele ba

Dattijai suna tune da zamanin Mobilet, wadda kamfanin Motobécane na Faransa ya fara ƙerawa a 1949, wadda malaman lakwal da malaman gona suka hau suka zaga karkara da ita a shekarun 1970. Ita ba ta da batir, balle rele. Injin da kansa ke samar da wutar buji yayin da yake juyawa. In ta ƙi tashi, mutum ya goge buji, ya hure karbirater, ya taka feda.

Baburan da suka cika ƙauyuka daga baya, na ƙasar Sin da na Indiya masu karbirater, irin waɗanda ƴan kabu-kabu ke aiki da su, sun zo da batir da demarer. Galibinsu rele biyu gare su: na demarer da na fitilun kwana. A da yawa daga cikinsu wutar buji ba ta dogara da batir ba, shi ya sa ko batir ya mutu murus ana taka kik babur ya tashi.

Sai aka shiga zamanin babura marasa karbirater, waɗanda ake kira masu injekta. A cikinsu famfon lantarki ne ke turo esansi daga tanki, wata ƴar ƙwaƙwalwa kuma ita ke auna yawan man da za a fesa da lokacin da buji zai ba da wuta. Dokokin rage hayaƙi ne suka kawo wannan sauyi. A Indiya, tun daga ranar 1 ga Afrilu 2020 da sabuwar dokar hayaƙi ta fara aiki, mafi yawan baburan da ake sayarwa a cikin ƙasar suka koma injekta. Manyan baburan Japan da na Turai sun riga su da daɗewa. Irin waɗannan suna shigowa ƙasarmu sababbi da na hannu, kuma su ne ke da abin da ake kira babban rele.

Ba don girman jiki ake ce masa babba ba, sau da yawa ma na demarer ya fi shi girma. Aikinsa ne babba. Shi ne ƙofar da wuta ke bi daga batir zuwa ƙwaƙwalwa da famfon mai da injekta, a wasu baburan har da bobin. In ya rufe ƙofa, injin ba shi da mai ba shi da wuta. Demarer zai yi ta juyawa har batir ya ƙare, a tura babur har ƙafa ta gaji, ba zai kama ba. Kamfanoni sun bambanta wajen tsari: wani rele ɗaya ya sa, wani ya raba aikin gida biyu ya ba famfon mai nasa dabam, wani kuma ya haɗa rele biyu cikin akwati ɗaya. Amma hanyar bincike ɗaya ce.

Yadda ciwon ke nuna kansa

Kunne shi ne kayan aiki na farko. Babur mai injekta mai lafiya, in an murɗa makulli, za a ji ƙas, sannan a ji famfon mai yana zuuu cikin tanki na daƙiƙa biyu ko uku, ya yi shiru. Duk mai irin wannan babur ya kamata ya san wannan murya kamar yadda makiyayi ya san kukan saniyarsa. Ranar da aka murɗa makulli aka ji shiru, to, an san inda za a dosa.

Alama ta biyu ita ce wadda ta sami mai waken nan: babur ya mutu in ya yi zafi, ya tashi in ya huce. Dalili shi ne zafi yana buɗa ƙarfe. In akwai ɗan tsagewa a dalmar da ta riƙe siririyar waya, da sanyi bakin tsagar yana haɗe, da zafi sai ya rabu. Ban da haka, wayar jan ƙarfe in ta yi zafi tana ƙara tare wuta, sai ƙarfin maganaɗisun ya ragu, relen da ya riga ya tsufa ya kasa riƙe fallensa. A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 a inuwa cikin Afrilu da Mayu, ga kuma zafin injin, ba abin mamaki ba ne a ga wannan ciwo ya fi tashi da bazara.

Akwai wanda ke mutuwa in an faɗa rami ko an hau gargada. Akwai wanda sai an ƙwanƙwasa relen da gindin turnabis sannan famfo ya tashi. Akwai kuma akasin duka: bakunan su narke su manne da juna, wuta ta ƙi yankewa ko an cire makulli. Mai babur ya kwanta da batir cike, ya wayi gari babu kome a ciki. Nan ma batir ake ɗora wa laifi.

Wata alama tana ruɗar mutane ƙwarai. In rele yana ta ƙas-ƙas-ƙas da sauri kamar fara, yawanci ba shi ne mai laifi ba. Wuta ce ba ta ishe shi ba: ya fizgo falle, nauyi ya hau batir, ƙarfin batir ya faɗi, ya saki, ya sake fizga. Wannan ƙarar batir take nunawa, ko kawunansa da suka yi datti, ko wayar mas da ta kwance.

Bincike daki-daki

Makanike mai hankali ba ya fara da cire rele. Yana fara da abin da ba ya cin kuɗi. Jan maɓallin kashe injin da ke hannun dama, yara kan danna shi suna wasa. Ƙafar jingina babur, a baburan da yawa in tana ƙasa kuma babur yana cikin bites injin ba ya tashi, makunninta kuma yana wurin da taɓo da rairayi ke cika shi. In babur ya faɗi, da yawa daga masu injekta suna da wata na'ura da ke yanke wuta da kanta don kada mai ya ci gaba da zuba. Sai an miƙar da babur, an kashe makulli an sake kunnawa, sannan ta saki. Duk waɗannan suna iya hana rele aiki alhali lafiyarsa ƙalau.

Sai batir. Mai na'urar awo, wadda ake kira multimetir, ya auna: cikakken batir yana nuna kamar bolt 12.6. In ya gaza 12, ya yi rauni. A sake aunawa lokacin da ake danna maɓallin tashi. In ya faɗi ƙasa da 10 sosai, batir ba ya iya ɗaukar nauyi ko da ya nuna kyau yana hutawa. Wanda ba shi da na'ura ya kunna babbar fitila ya danna kilakson. A girgiza kawunan batir da hannu, a kankare farin garin da ke taruwa a kansu, a bi wayar mas har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfen babur a tabbata ƙusar ba ta yi tsatsa ba.

Sai fizibil, wanda masu sayayya a Kano ke ce wa fiyus. A ciro shi a ɗaga shi sama a ga ko ɗan ƙarfen ciki ya tsinke. In ya tsinke a sa mai lamba iri ɗaya: mai 15 a gurbin mai 15. Al'adar nan ta naɗe shi da takardar sigari mai walƙiya ko a cusa guntuwar waya, ita ce ta ƙona wayoyin babura da yawa. Fizibil mai gadi ne, an yi shi ne don ya mutu a madadin kayan tsada.

In duk wannan lafiya, sai a zo kan rele. A ɗora yatsa a kansa, yaro ya murɗa makulli. Maigida ya kan tambaya, “Ka ji ya buga?” Daga amsar nan hanya ta rabu biyu. In bai buga ba, ko dai saƙo ba ya iso masa, ko naɗin wayarsa ya tsinke. In ya buga amma famfo shiru, ana zargin bakunansa, ko kuma abin da ke gaba da shi.

Gwaji mafi sauri shi ne musaya. Manyan babura da yawa suna da rele biyu ko uku iri ɗaya jere da juna, na fitila ko na fankar sanyaya injin. In lambar da ke jikinsu ɗaya ce, a musanya su. Babur ya tashi, an kama ɓarawo. Amma sai lamba ta zo ɗaya, ba kamannin jiki kaɗai ba.

In babu na musaya, sai a gwada shi a ƙasa. Da farko a gane ƙafafunsa. Reloli da yawa, musamman irin na mota, suna da lambobi a gindi bisa wani tsari na ƙasar Jamus: 85 da 86 su ne na naɗin waya, 30 ita ce mai karɓar wuta daga batir, 87 ita ce mai fitar da ita. Mai ƙafa biyar yana da ƙarin 87a, wadda ke haɗe da 30 lokacin da rele ke hutawa. Na baburan Japan sau da yawa ba su da waɗannan lambobi, amma akwai ɗan zane a jikin robar. In zanen ya goge, a dubi wayoyin da ke shiga soket: sirara biyu na saƙo ne, masu kauri biyu na ɗaukar kaya ne.

A sa multimetir a kan om, a taɓa ƙafafun naɗin waya. Ƙaramin rele na bolt 12 yawanci yana nuna tsakanin om 60 da 120. In na'ura ba ta nuna kome ba, waya ta tsinke a ciki, sai sabo. Sannan a jawo waya biyu daga batir a taɓa ƙafafun nan biyu, a saurari ƙas. A kula: wasu reloli suna da wani ɗan abu a ciki, diyod, da ke barin wuta ta bi gefe ɗaya kawai. A irinsu 86 ce ke zuwa kan batir mai alamar +, 85 ta tafi mas. In aka juya, diyod ɗin ya ƙone.

A nan ne makanikai da yawa ke tuntuɓe. Sun ji ƙas, na'ura ta yi kuka cewa hanya ta haɗu, sai su ce rele lafiya, su mai da shi. Ƙas ba shaida ba ce. Duk lokacin da bakunan suka rabu, ɗan tartsatsi yana tashi tsakaninsu, da shekaru sai su yi baƙi su rarake. Irin wannan baki yana barin ƴar wutar na'urar awo ta wuce, amma in famfo ya nemi tasa sai ya kasa. Kamar ƙofar rumbu ce da kaza ke shiga, buhu ba ya shiga. Gwajin gaskiya sai da kaya a kai. A jawo wuta daga batir zuwa 30, daga 87 a kai ta ƙwan babbar fitila, ɗaya gefen ƙwan ya koma mas. A kunna relen. In ƙwai ya haska tar, a ƙwanƙwasa relen, a bar shi ya ɗan ɗauki zafi a gani. In hasken ja ne, ko yana rawa, ko ya ɗauke da an ƙwanƙwasa, to, magana ta ƙare. Mai multimetir ya auna tsakanin 30 da 87 yayin da fitila ke ci. Mai lafiya kusan sifiri yake nunawa. In abin ya kai rabin bolt, bakunan sun ci wuta.

To, in rele ya ci jarrabawa fa? Sai a koma kan soket ɗin da yake zama. Da ƙwan fitilar kwana da waya biyu ana haɗa fitilar gwaji. Ɗaya daga ramukan masu kaurin waya ya kamata ya kasance da wuta. Ɗaya daga sirara kuma ya samu wuta in an murɗa makulli. Ramin da babu wuta, sai a bi wayarsa baya har a iske inda ta yanke, galibi a wuyan babur inda wayoyi ke lanƙwasa kullum in an juya kambu. Wayar da ke tafiya zuwa ƙwaƙwalwa kuwa ba a gwada ta da ƙwan fitila, sai da multimetir, domin ƙwai yana jan wutar da ta fi ƙarfin ƙwaƙwalwa.

Launin waya yana taimako, amma yana da tarko. A bisa al'adar Honda, kore shi ne mas, ja daga batir yake, baƙi kuma shi ke ɗauke da wuta bayan an murɗa makulli. A Yamaha kuwa baƙi shi ne mas, mai ruwan ƙasa ke ɗauke da wutar bayan makulli. Baburan ƙasar Sin da yawa tsarin Honda suka bi. Ke nan yaron da ya koyi aiki a kan iri ɗaya, ya zo ya ɗauki baƙar waya a kan wani irin da zaton mas ce, yana iya haɗa gobara da hannunsa.

Shi kansa soket ɗin sau da yawa shi ne mai ciwon. Ƙurar hunturu ta shiga, ruwan damina ya bi ta, ko ruwan masu wankin babur da ke fesawa da ƙarfi ƙarƙashin sirdi, sai ƙarfen ya yi kore. Gargada kuma tana buɗa bakin ramukan har ƙafar rele ta riƙa rawa a ciki. Inda aka ga robar ta narke ko ta yi baƙi, nan ne haɗi ya yi sako-sako ya haifar da zafi. A cire kan batir, a kankare, a matse bakin ramin da allura har ƙafa ta shiga da ƙyar. In an sa sabon rele a tsohon soket mai rawa, shi ma ba zai daɗe ba.

Haɗin gaggawa da haɗarinsa

A tsakiyar daji, da marar lafiya a baya, ba lokacin neman shago ba ne. Ana iya cire relen a haɗa ramuka biyu masu kaurin waya da guntuwar waya mai kauri, babur ya tashi a kai inda za a. Wannan dabara tana ceton rai, kuma duk mai babur mai injekta ya kyautu makanikensa ya nuna masa ramukan tun yana gida, ya sa musu alama. Domin in aka kuskure aka tura wutar batir cikin ramin siririyar waya, ƙwaƙwalwar da ake tsoron sayenta ita ce za ta ƙone.

Amma haɗin na isa gari ne kawai. Da an tsaya a cire shi. Muddin yana ciki, wuta tana iya ci gaba da tafiya ko an zare makulli, batir ya zube cikin dare. Mafi muni, a baburan da na'urar faɗuwa da jan maɓalli ke bi ta kan wannan rele, an kashe masu gadi ke nan: babur ya faɗi, injin bai mutu ba, famfo na turo esansi kusa da salansa mai zafi. Makaniken da ya naɗe irin wannan haɗi da salatif ya rufe sirdi ya karɓi kuɗin gyara, bai yi gyara ba.

Masu karbirater ma da nasu

Mai babur na karbirater ba shi da babban rele, amma yana da na demarer, kuma hanyar tunani ɗaya ce. Shi ne mai manyan ƙusoshi biyu da wayoyi masu kauri kamar yatsa, da ƙananan wayoyi biyu. A baburan da yawa babban fizibil a jikinsa yake. In an danna maɓalli ba a ji kome ba, a duba maɓallin, da makunnin ambiriyaj, da koriyar fitilar N. In ya buga amma demarer bai juya ba, a sa fitilar gwaji a ƙusar da ke tafiya demarer yayin da ake dannawa. Babu wuta, rele ne. Akwai wuta sosai amma shiru, to, ciwon yana cikin demarer, yawanci gawayinsa ne ya cinye. Naɗin wayar wannan rele om kaɗan yake nunawa, kamar 3 zuwa 5, kada a auna shi da ma'aunin ƙaramin rele a ce ya lalace.

Ana ganin masu haɗa ƙusoshin nan biyu da turnabis don tada babur. Yana tashi, amma tartsatsi ne ke fita dab da batir da tiyon mai, kuma in babur yana cikin bites zai zabura ya yi gaba da kansa.

Wajen saye

Mai zuwa sayen rele, ko a Katako ta Yamai, ko a Kasuwar Dole ta Damagaram, ko a shagunan kayan babur na Maraɗi da Ƙonni, ya tafi da tsohon a aljihu. A dubi bolt: na manyan motoci masu bolt 24 kamanninsu ɗaya da na 12, amma batir ɗin babur ba ya iya jan su yadda ya kamata. A dubi amper, kada ya gaza na tsohon. A dubi yawan ƙafafu, a kuma gwada zanen da ke jiki da na tsohon, domin akwai reloli da ke shiga soket ɗaya daram amma an musanya wurin 30 da 86 a cikinsu. Na fitilun kwana dabam yake, ba ya wannan aiki. Kafin a biya a roƙi mai shago a taɓa shi da batir da ƙwan fitila a gaban ido.

Bayan an sa sabo, sauran tambaya ɗaya: me ya kashe tsohon? In tsufa ne, shi ke nan. Amma a tada injin a auna batir yana caji. Abin da ake so tsakanin bolt 13.5 da 14.5 ne, in ya haura 15, na'urar daidaita caji ta lalace, za ta dafa sabon relen da batir da ƙwayayen fitila gaba ɗaya. A duba ko an jingina wa layin ƙarin kaya, fitilun ado da lasifika da wurin cajin salula, waɗanda suka fi ƙarfin bakunansa. Irin waɗannan a ja musu layinsu dabam da fizibil nasu. A duba matatar mai: esansin kwalba mai ƙura da ruwa yana toshe ta, famfo ya riƙa wahala yana jan wuta fiye da ƙima, rele kuma shi ke shan zafin. Sannan a mai da relen cikin robarsa ta asali, ƙafafu suna kallon ƙasa, don ruwan da ya shiga ya sami hanyar fita, a kuma ɗaure shi kada ya riƙa lilo yana bugun ƙarfe.

Mai tafiya mai nisa, irin ta Dakwaro ko Tanut ko Abalak inda mutum kan yi awoyi bai ga gareji ba, ya sayi guda biyu. Na biyun a ƙulle shi a leda tare da fizibil biyu da guntuwar waya da ƙwan fitilar gwaji, a sa ƙarƙashin sirdi kusa da kayan facin taya.